Mota Ce Ko Kaya?

A garin Po ta yi tari uku ta yi shiru,
bakin gidan mai, wata Laraba da hantsi.
Makanikai huɗu suka leƙa cikinta,
kowa ya goge hannu a wando ya ce:
wannan ciwon sai Kumasi,
sai Suame, inda mataccen ƙarfe ke sake numfashi.

Fijo ce, akori-kura, ta girmi ɗan farina.
Ita Baba ya bar mini,
ita da bashin albasa buhu tara.

Issaka zai gangara Tema, bayan tirelarsa wayam.
Muka ɗora ta kamar saniyar da ta karye,
muka ɗaure ƙafa huɗu da sarƙa.

A Paga ɗan kwastan ya zagaya ta sau biyu,
ya ƙwanƙwasa ƙofarta da bayan biro.
Ya ce: mota ce ko kaya?
In mota ce, ta shigo da ƙafarta,
in ba ta takardar baƙunta ta wata guda.
In kaya ce, kawo kuɗin fito.
Ya faɗi kuɗin. Na juya shi daga sidi zuwa sefa,
na sake juyo shi, bai rage ko sisi ba.

Kwana biyu muna kwance a gindin tirela,
baki buɗe, kamar kadojin tafkin garin.
Issaka ya daina yi mini magana.

Ran na uku mai shayi ya ce: sauke ta.
Muka jingina katako biyu, ta sulalo da baya.
Na shiga na kama sitiyari.
Mai shayi ya sa kafaɗa, ’yan canji biyu suka sa,
wata mai dafaffen ƙwai ta ajiye farantinta ta sa,
wani yaro yana gefe yana yi mana kukan inji da baki.
Ɗan kwastan ya duƙufa neman hatiminsa a aljihun tebur,
bai same shi ba sai da muka wuce sandar.

Da ƙafa ta shigo Gana,
ƙafafun dai na aro ne.

Bolga, Tamale, Kintampo cikin ruwan sama,
Techiman da asuba.
Suame ta tarye mu da guduma dubu,
ƙasa baƙa ƙirin, ta ƙoshi da baƙin mai,
ƙofofin motoci jere kamar allunan makaranta.

Masta Boakye ya tsufa, Hausar Zango a bakinsa.
Ya ɗaga bonet, ya kori yaransa da gwiwar hannu,
ya daɗe bai ce komai ba.
Sai ya taɓa wata jar waya can ƙasa,
an murɗe ta sau uku, an lanƙwasa bakinta.
Ya ce: wannan ɗaurin nawa ne.
Na gaya wa mai ita na wucin gadi ne,
ya kai kayansa ya dawo bayan Sallah.
Ina dogon nan mai haƙorin Makka?

Na ce: bara muka kai shi.

Ya cire hula, ya ƙirga a yatsu,
yatsun suka ƙare, ya sake somawa.
Shekara goma sha tara, ya ce,
a kan wayar da na tsinta a ƙasa.
Ya makara, amma ya aiko.

Yau kwana ashirin da biyu.
Ina kwana a shagon wani ɗan’uwa a Aboabo,
takardar kwastan a ƙarƙashin matashi tana cin kwanakinta.
Injin na zube a kan buhu, gunduwa-gunduwa,
an ce wani ƙarfen sai an ƙera shi da hannu.
Wayar kuwa na karɓe ta.
Tana aljihun gaba, tana huda mini riga.